Gwal ɗin Umma da Gurbin Karatu a Landan

Assalamu alaikum Anti. Ni haifaffiyar Makka ce, shekarata 27. Kakana ne ya zo daga Kano ya zauna, amma har gobe fasfon Najeriya muke riƙe da shi, da igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, muke zaune. Na karanta aikin jinya, shekara huɗu ke nan ina aiki a wani asibitin kuɗi a Jidda, igamata ma a kansu take.

Bara na nemi gurbin digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a wata babbar makaranta a Landan. Ban gaya wa kowa ba, don ban taɓa zaton za su ɗauke ni ba. Sai ga saƙo sun ɗauke ni. Tallafi ne ban samu ba. Da na haɗa kuɗin makaranta da na zama, sun haura albashina na shekara uku. Sun ba ni mako shida in biya kafin alƙalami, in ba haka ba gurbin ya wuce.

Umma ta fito da gwal ɗinta da take tarawa tun aurenta ta ce a sayar, idan bai isa ba a haɗa da filin da ta gada a Kano. Baba kuwa, wanda tun yana saurayi yake hidimar alhazai, tambaya biyu ya yi mini. "In kin gama, likita za ki zama?" Na ce a'a. "A wurin wa za ki zauna?" Na ce babu kowa. Ya ce shi bai ga dalili ba. Tun ranar bai sake tayar da zancen ba, gaisuwa kawai muke yi. Wanda zan aura, an sa rana bayan Babbar Sallah, ya ce a ɗaura tukuna sannan a ga abin da hali zai yi. Ga ƙannena uku da nake taimakawa wajen kuɗin igamarsu.

Anti ba na barci. Ina ji idan na saki wannan dama ba za ta ƙara dawowa ba. Idan kuma na tafi, ina tsoron in tsiyata gidanmu. Me zan yi?

Wata 'yar Makka

Wa alaikumus salam, 'yata. Barka da arziki tukuna, domin na karanta wasiƙarki sau biyu ban ga inda wani ya yi miki barka ba. Makarantun nan ba sa ba da gurbi don tausayi. Kina fitowa daga aikin dare ki zauna karatun jarrabawar Turanci, kika cike takardu ke kaɗai a ɓoye, mutanen da ba su taɓa ganin fuskarki ba suka karanta suka ce ki zo. Wannan ya riga ya zama naki, ko kin tafi bana ko ba ki tafi ba.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba. A ganina kada a sayar da gwal ɗin, kada a taɓa filin, kuma kada ki biya kafin alƙalamin nan da kuɗin gida. Amma karatun kada ki ajiye shi. Abin da ke hana ki barci magana ɗaya ce, wai dama ba za ta dawo ba. Wa ya gaya miki? Makarantar nazarin tsafta da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan tun 1899 take ɗaukar ɗalibai. Takwararta ta Libaful ta girme ta da shekara guda. Ta Johns Hopkins a Amurka tun 1916 aka kafa ta. Duk shekara suna buɗe ƙofa, kuma wadda suka ga ta isa bana ba za ta ragu a idonsu baɗi ba don ta ƙara shekara ɗaya tana aiki. Abin da ba ya dawowa da sauƙi shi ne gwal ɗin da aka tara awarwaro ɗaya, ɗan kunne ɗaya, cikin shekara talatin.

Bari mu ɗauki tambayar Baba ta farko, don na ga ta yi miki zafi. Ni kuwa ta burge ni, tambayar mai hankali ce. Wannan digiri ba ya ba mutum lasisin duba mara lafiya ko rubuta magani. Kin shiga kina ma'aikaciyar jinya, za ki fito kina ma'aikaciyar jinya wadda ta iya wani abu dabam. Kuskurenki shi ne da kika ce masa a'a sai kika yi shiru, kika bar dattijo da rabin amsa. Shi abin da ya ji shi ne za a kwashe dukiyar gida a kai wa Turawa, a dawo da takardar da ba ta mai da ke komai ba.

Ga yadda za ki cike masa ragowar rabin, kuma ba da Turancin makaranta ba. Ki tambaye shi Hajjin 1987. Yana bakin aiki a lokacin, zai tuna shekarar da sanƙarau ya ɓarke cikin alhazai, suka kuma koma da shi ƙasashensu. Bayan nan ne aka wajabta allurar sanƙarau ga mai zuwa Hajji. A 2000 da 2001 wani nau'in ya sake ɓullowa wanda tsohuwar allurar ba ta kama shi, sai aka koma wadda ke tare nau'i huɗu. Katin allurar da yake gani a hannun kowane alhaji, ba likitan da ke bakin gado ne ya kawo shi ba. Wasu mutane ne suka zauna suka ƙirga: su wa suka kamu, daga ina suka zo, a wane masauki suka kwana, kwana nawa kafin ciwo ya nuna. Ki tuna masa ciwon numfashin nan da aka fara ganowa a jikin wani mara lafiya a Jidda a 2012, wanda daga baya aka gano alaƙarsa da raƙuma, da yadda a 2014 ya riƙa yaɗuwa a cikin asibitoci har ma'aikata suna kamuwa. Ki tuna masa Hajjin 2024 da zafi ya haura maki 51 na ma'aunin Salsiyas a Harami, hukuma ta ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari ba su da tasrihi, wato izinin aikin Hajji, sun yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana babu rumfa. Sai ki ce masa: Baba, likita yana jiran wanda ya faɗi a kawo masa shi, ni ina son in koyi aikin da zai sa kada a faɗi. Mutumin da ya tura tsofaffi a keke, ya ɗauki gawar baƙo zuwa Harami a yi mata sallah, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ni kaina ban fahimci aikin nan a aji ba. Wata shekara ina cikin masu zagaya masaukan alhazai mata a unguwar Misfala ta Makka, na tarar da wata tsohuwa 'yar wajen Katsina zaune a bakin gado, leɓɓanta sun bushe har sun tsage, ga robar ruwa a gefenta ko buɗewa ba ta yi ba. A bangon da ke bayanta an manna takarda mai launi, da Larabci da Turanci, ana cewa a yawaita shan ruwa. Na ce, Iya me ya hana ki sha? Ta jawo hannuna ta raɗa mini: "'Yar nan, in na sha fitsari zai dame ni, layin bayi kuwa ƙafata ba ta iya tsayuwa, ga alwala." Da na bi sauran ɗakunan sai na ga ba ita kaɗai ba ce, kusan duk tsofaffin da dabarar da suke yi ke nan, kowace tana ganin ita ta gano ta. Babu allurar da ke maganin wannan. Maganinsa shi ne a samu wanda zai ji dalilin da harshen mai shi, ya ƙirga su nawa ne, ya rubuta, ya kai wa wanda ke da ikon mai da tsofaffi ɗakunan da ke kusa da bayi. Ke kina jin Hausa, kina jin Larabcin Makka, kina jin Turanci, kin san asibiti daga ciki. Najeriya kaɗai kujera 95,000 aka ba ta a Hajjin 2023, ban da Nijar da Kamaru da Chadi da Gana da Hausawan Sudan. Don haka ba na shakkar cewa kin dace da fannin. Fannin ma yana bukatar irinki.

To amma kyawun aiki dabam, mai biyan albashi dabam, kuma a nan ne nake son ki buɗe ido. Yawancin ayyukan lafiyar al'umma a ko'ina na gwamnati ne: ma'aikatar lafiya, hukumar yaƙi da annoba, sashen rigakafi. A nan ƙasar kin san wa ake fara bai wa irin waɗannan kujeru, kin kuma san tsarin fifita 'yan ƙasa kullum faɗaɗa yake yi. Haihuwar Makka ba ta mai da ke 'yar ƙasa ba, kin fi ni sani. Abin da ya fi kusa da hannunki a nan shi ne sashen hana yaɗuwar cuta a cikin asibiti, ko sashen kula da ingancin aiki, ko bincike a ƙarƙashin wata jami'a, ko kamfanonin inshorar lafiya. Ayyuka ne masu mutunci, amma ba lalle albashinsu ya ninka naki na yanzu ba. Manyan ƙungiyoyi irin su Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF kuwa, sunan makaranta yana sa a buɗe takardarki, amma abin da suke dubawa bayan an buɗe shi ne ina kika yi aiki, a wane ƙauye, a wace annoba. Na san wani yaro da aka sayar da gidan gado aka tura shi irin wannan karatu. Ya ci jarrabawa da kyau, ya dawo, ya shekara biyu yana aika takardu. Daga ƙarshe ya samu aiki, alhamdu lillahi, amma har yau idan 'yan'uwansa mata suka taru akwai zancen da ba a yi a gabansa. Ba na so a wayi gari kina kallon wuyan Umma babu sarƙa ranar bikin ƙanwarki kina sunkuyar da kai.

Ra'ayina a kan manyan makarantun nan shi ne, sun cancanci a je, idan wani ne zai biya. Za ki zauna gaban malaman da suka yi aiki a annobar Ebola da shan inna, za ki yi aji da mutane daga ƙasashe da dama waɗanda bayan shekara goma su ne daraktoci a ma'aikatunsu. Amma darussan kansu, ilimin bin diddigin cututtuka, ƙididdiga, tattalin arzikin lafiya, tsara manufofi, iri ɗaya ake koyarwa a Landan da Makka da Zariya. Kuma a Ingila shekara ɗaya ce rak, daga Satumba zuwa Satumba, a guje ake yin ta, watannin ƙarshe na rubuta bincike ne. Wanda ya shiga da bashi a ka da tunanin gida, rabin abin da ya biya wa kuɗi zai wuce shi yana lissafin kuɗin haya.

Akwai abin da ba ki ambata ba ko sau ɗaya a matsayin damuwa, alhali shi ya fi tsorata ni: igama. Kin ce a kan asibitinku take. Ranar da kika ajiye aiki, ƙafar da zamanki ya tsaya a kai ta tafi. Idan hutu ba albashi suka ba ki kika fita da huruj wa auda, wato bizar fita da dawowa, ita ma tana da wa'adi, kuma dole igamar ta kasance da rai har ki dawo. Idan huruj niha'i, wato fitar da ba dawowa, aka buga miki, to garin da aka binne cibiyarki sai dai ki shigo shi da bizar ziyara ko ta Umra, ko ki jira wani sabon kafili, wato mai tsaya miki a kan igama, ya ɗauko ki kamar baƙuwa. Mu da muke zaune a nan mun ga wannan ya faru da mutane da yawa, ba labari ba ne. Saboda haka kafin ki sake yi wa kowa zancen Landan, ki je ofishin ma'aikata na asibitinku ki tambaya ko suna ba da hutun karatu na shekara, kuma wa zai sabunta igamar. Amsar baki ba ta wadatar ba, a rubuce kike so. Sannan ki je Jawazat, ofishin fasfo da igama, da ƙafarki, zuwa da kai ya fi saƙo, ki tambaya ko za a iya mai da ke ƙarƙashin Baba tun da ba ki yi aure ba tukuna, da abin da zai biyo baya idan kin yi. Kada ki manta duk wanda ke ƙarƙashin wani ana biya masa riyal 400 a wata tun 2020, ke da kike taya biyan na ƙannenki kin san nauyinsa. Haka kuma ki tuntuɓi hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya rajista, ki ji a wane matsayi za su ajiye wannan digiri idan kin kawo shi, da yadda rajistarki ta jinya za ta ci gaba da rai kina waje.

Maganar tallafi kuma tana da nata ƙugiyoyin, musamman ga irinmu da aka haifa a wuri ɗaya fasfo na wani wuri. Chevening na gwamnatin Birtaniya yana biyan komai, ana buɗe shi wajen watan Agusta, yana neman a ƙalla shekara biyu ta aiki, wadda kin ninka. Amma da sunan 'yar Najeriya za ki nema, kuma sharaɗinsa idan kin gama ki koma ƙasar da kike riƙe da fasfonta ki yi shekara biyu. Ki zauna ki tambayi zuciyarki ko kin shirya zaman Kano ko Abuja. Ni ban ga aibu a ciki ba, hasali ma a can aikin yake jibge: can aka yi sanƙarau na 1996, can aka yi fama da ƙin allurar shan inna a 2003 kafin a kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a 2020, can gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Sai dai komawa tana da nata takardun, rajista da hukumar jinya ta can da batun bautar ƙasa, gara ki san su tun yanzu. Tallafin ƙasashe renon Ingila kuwa yana neman mutum ya kasance mazaunin ɗaya daga cikinsu na dindindin, wanda hakan kan iya fitar da ke. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ga shi nan a Jidda kusa da ke, yana da shirin tallafin karatu, ki karanta sharuɗɗan shekarar da kyau. Ita ma makarantar da ta ɗauke ki tana da nata, kuma sau da yawa ana rufe nemansa tun kafin a rufe neman gurbi. Ina kyautata zaton abin da ya faru da ke ke nan: kin nemi gurbi a ɓoye, ba ki da wanda zai ce miki ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu abin da za ki yi da makonnin nan shida. Yau ɗin nan ki rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai, ki gode musu, ki faɗa musu gaskiya cewa kuɗi ne bai haɗu ba, ki roƙi a ɗage miki gurbin zuwa baɗi. Wasu makarantu suna yarda, wasu sai an biya wani abu, wasu za su ce ki sake nema. Ko wacce suka faɗa ba mutuwa ba ce. A wasiƙar ki tambaye su ko kafin alƙalamin yana dawowa idan ba a samu biza ba, da ranakun da ake rufe neman tallafinsu. Ki duba ranar da kika rubuta jarrabawar Turancinki, don shekara biyu take yi ta mutu.

Shekarar da za ki jira kuma ba ta zaman jira ba ce. Ki nemi a mai da ke sashen hana yaɗuwar cuta a asibitinku, ko a ƙalla ki shiga kwamitinsa. Ki fara koyon ƙididdiga da manhajar kwamfuta ta ƙididdiga da ake kira R, kyauta ce. Lokacin Hajji ki nemi shiga aikin sa kai ta hanyar da hukuma ta yarda, ki riƙe ɗan littafi kina rubuta abin da idonki ya gani, ba tare da sunan kowa ba. Ranar da masu tallafi suka zaunar da ke suka ce me za ki yi da wannan karatu, ba za ki ba su amsar da kowa ke bayarwa ba.

Kada kuma ki ɗauka ƙofa ɗaya ce. Ita makarantar tsaftar ta Landan tana da digirin nan daga nesa ta intanet a ƙarƙashin Jami'ar Landan, ana yin sa cikin shekara biyu zuwa biyar, ana biya darasi-darasi. Kina gidanku, albashinki na shiga, igamarki na raye. Ba zan ɓoye miki ba, yana da wahala, wanda ya dawo daga aikin dare ya buɗe kwamfuta shi ya san abin da nake nufi, kuma ba za ki samu cuɗanyar da ake samu a aji ba. A Makka, Jami'ar Ummul Ƙura tana da kwalejin lafiyar al'umma, tana kuma da cibiyar binciken Hajji da Umra. Idan lafiyar taron jama'a ce ta ja hankalinki, babu ɗakin gwajin da ya kai Mina da Arfa a duniya, masana daga waje nan suke zuwa su koya. Jami'o'in gwamnati suna da guraben tallafi na cikin gida ga baƙi mazauna ƙasa, ki bincika ko kin cika sharaɗi. A Najeriya akwai Ahmadu Bello a Zariya, da Bayero a Kano, da Ibadan, kuɗinsu ba ya kama ƙafar na Landan. Kina iya yin digiri na biyu a ɗaya daga cikin waɗannan, ki ajiye babban suna sai digiri na uku, inda aka fi samun wanda zai ɗauki nauyi.

Tambayar Baba ta biyu, a wurin wa za ki zauna, kada ki ɗauke ta a matsayin ƙauyanci. Uba ne da ya ga abin da baƙunta ke yi wa mutum, shekara da shekaru yana tsintar alhazan da suka ɓata. Akwai tsoro a ciki, akwai kuma addini. Ɓangaren addini ni ba malama ba ce, kuma malamai sun yi maganganu mabambanta a kan tafiyar mace da zamanta a wata ƙasa don karatu. Ku je tare wurin malamin da shi Baba ya yarda da shi, ba wanda kika zaɓo don kin san abin da zai faɗa ba. Ɓangaren tsoro kuwa da bayani ake kashe shi: ga gidan ɗalibai mata, ga wata 'yar gidan su wane da ke zaune a can da iyalinta, ga masallacin da ke kusa, ga ɗan'uwana da zai raka ni ya ga wurin da idonsa. Kuma ki ba shi haƙuri a kan ɓoyewar da kika yi. Ina jin rabin shirun nan nasa ba na Landan ba ne, na cewa 'yarsa ta shekara tana shirin abu bai sani ba sai da takarda ta zo. Ki same shi bayan Isha'i, ki kai masa shayinsa da kanki, ki fara da wannan kafin komai.

Umma kuwa ki yi hankali da yadda za ki mayar mata da gwal ɗinta, kada ta ji kamar kin raina kyautarta. Uwar da ta kwance ƙullin da ta ɓoye shekara talatin ta riga ta ba ki abin da ya fi gwal ɗin. Amma ke kin san abin da gwal yake nufi ga macen da ke zaune da igama: shi ne asibitinta ranar da ciwo ya zo, shi ne tikitin jirgin gidan gaba ɗaya ranar da zama ya ƙare, filin Kano kuma shi ne inda za a sauka. Ki ce mata ki ajiye mini, Umma, idan na samu tallafi akwai kuɗin biza da rigar sanyi, a nan zan zo ki cire mini zobe ɗaya. Ta haka tana cikin tafiyar, ba ki kuma tsiyata ta ba.

Sai mai shirin zama angonki. "A ga abin da hali zai yi" ba amsa ba ce, amma ba zan yanke masa hukunci da ita ba, wataƙila shi ma labarin ya zo masa ba shiri kamar Baba. Ku zauna a gaban wani babba daga ɓangarenki ki tambaye shi kai tsaye: idan baɗi na samu tallafi, za ka bar ni in yi shekara guda a waje? Idan sharaɗin ya ce in yi shekara biyu a Najeriya fa? Ki sanar da shi tun yanzu cewa daga Janairun 2024 Birtaniya ta daina barin masu irin wannan digiri na shekara ɗaya su tafi da miji ko mata, don kada ya gina lissafinsa a kan zai bi ki. Idan ya ce ya yarda, a rubuta sharaɗin karatu da aiki a takardar ɗaurin aure. A nan ƙasar abu ne da aka saba, ba wanda zai ce kin yi rashin kunya. Idan ya ce bai yarda ba, ya kyauta da ya faɗa kafin a shafa fatiha, sai ki auna da hankalinki da istihara. Wanda nake jin tsoro shi ne mai cewa "ba komai" yana kallon gefe.

Ƙannenki uku ma suna cikin lissafin, ko da ba su da baki a zancen. Ki rubuta abin da kike bayarwa duk wata, ki ninka sau goma sha biyu, ki fara ware shi daga albashin bana. Idan babbansu ya isa aiki, wannan shekarar ce ta fara ɗora masa wani abu a kafaɗa.

Idan kin aika wa makarantar, kin kuma dawo daga Jawazat, ki sake rubuto mini abin da suka ce. Ina da wata tsohuwar abokiyar aiki da ta taɓa zama a irin kwamitocin da ke tantance masu neman tallafi, zan roƙe ta ta duba miki rubutunki kafin Agusta. Ki gaishe mini da Umma.